Yadda Na Mai da Banki Uwar Adashe

Hor Al Anz, Dubai.
Ranar Asabar.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa ka sauka lafiya a sabon masaukinka, ya haɗa ka da abokan zama na gari. Babanku yana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na san za ka yi mamaki in ka buɗe akwatinka ka ga takarda a tsakanin riguna, alhali daga nan zuwa Dubai Investments Park ba wata tafiya ba ce, jirgin ƙasa ne na cikin gari da bas. Ƙanwarka har dariya ta yi mini, wai ina ta share ido kamar Sin za ka. To amma kai ɗan fari ne. Ko sunanka ba na iya kira, tunda sunan mahaifina ka ci, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. Shi ya sa na ari biro.

Shekaranjiya ina kicin na ji ka a waya da mutumin banki. Na gane shi ne, domin na san muryar irinsu, mai taushi kamar ta mai neman aure. Yana ce maka da zarar albashinka na farko ya shiga za su ba ka katin bashi. Na ji ka ce masa, "To, zan yi tunani." Sai da na ajiye ludayi. Abin da na ce ke nan ni ma, shekarun baya, kuma tunanin nawa bai kai kwana biyu ba.

Kana tuna lokacin da kake aji huɗu, na yi sallama da ku zan tafi Kano, da rana sai ga ni na dawo da akwatunana, na ce muku jirgi ne ya lalace? Jirgin nan lafiyarsa ƙalau, ya tashi ya bar ni. Hana ni fita daga ƙasar aka yi saboda bashin kati. Kuma a lokacin na riga na yi wa Inna, kakarka, alkawarin ni zan tura ta a keke ta yi ɗawafi, don a shekarar ne 'yan'uwana suka haɗa mata kuɗin Umara, ga gwiwoyinta sun ƙi. Ta ce ba mai tura ta sai ni, in ba ni to ta fasa. Saura mako bakwai su tashi a lokacin. Yau zan faɗa maka yadda na kai kaina can, da yadda na fito.

Lokacin ina aiki a ofishin kago na Al Khabaisi, masu aika kaya gida, ni ce mai rubuta sunaye a jikin kaya da karɓar saƙon mata. Albashina yana shiga banki, sai suka kira ni kamar yadda suka kira ka. Na ce musu ni ba na cin kuɗin ruwa. Suka ce ai in na biya duka kafin ƙarshen wata babu ruwa ko ɗigo. Wannan gaskiya suka faɗa, ban ƙaryata su ba har yau. Wani saurayi mai ɗamarar wuya ya zo har ofis da takardu, yana nuna mini wurin sa hannu da yatsa, ina sawa. A ciki har da cek guda ɗaya, wai na jingina ne kawai, ba za a taɓa shi ba. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Kunya nake ji ya ga ina bin rubutu da yatsa, ya ce ban yi boko sosai ba.

Abba, duk takardar da aka miƙo maka, ka karanta ta har ƙasa, ko da mai ita zai tsaya a kanka har ƙafarsa ta yi sanyi. In ba ka gane ba ka ce a ba ka ka tafi da ita gida. Wanda ya ƙi ba ka, ya riga ya ba ka amsa.

Wata uku na farko na yi abin kirki. In saya, in biya duka. Sai labari ya isa Kano cewa Maman Abba ta samu kati. Ban san wanda ya kai shi ba, wataƙila ni ce da bakina. Ka dai san mutanenmu da saƙo. "Ke da kike Dubai, ki ɗan duba mini abaya biyu." "Ki sayo mini agogo irin na wance, in kaya sun iso zan turo." Babbar cikinsu ita ce Anti Lami, matar kawuna, da ta tashi haɗa lefen ɗanta. Ta turo mini saƙon murya na minti goma sha ɗaya, na farkonsa addu'a, na ƙarshensa addu'a, tsakiyarsa akwati shida. Ta ce, "'Yar nan, ke ce idonmu a can. Ki fitar da ni kunya, kuɗi ba matsala ba ne." Gaskiyarta, ba matsalarta ba ne, tawa ce.

Da can in aka yi mini saƙo ina da amsa mai sauƙi, in ce babu kuɗi a hannuna, a turo tukuna. Kati ya ƙwace mini wannan amsar. Na kasa cewa babu, alhali na san in na miƙa ɗan robar nan za a ba ni kaya. Haka na yi ta ja. Kaya suka isa Kano, aka yi biki, aka turo mini hotuna ana ta yaba idona. Kuɗi kuwa shiru. Wadda ta tuna ta turo bayan wata biyar, a kan lissafin ranar da aka sayi kayan, alhali naira ta riga ta sauka, in an canza ta zuwa dirhami ba ta kai ba. Ni kuma in ce, "Ba komai, Allah ya bar zumunci."

Ka yi alheri da abin da ke hannunka, wannan halinmu ne kuma ina so ka gaje shi. Amma abin da ke cikin kati ba naka ba ne. Wanda ya yi maka saƙo, kuɗinsa su riga kayansa tafiya. In ya yi fushi, fushin mako guda ne. Ka ce masa ummarka ce ta hana, ni na ɗauki laifin.

Yanzu ga babban wautar, wadda har yau in babanku yana son ya tsokane ni ita yake ɗaukowa. Da kuɗin suka fi ƙarfin in biya duka, sai na lura a saƙon banki akwai lamba biyu, babba da ƙarama. Ƙaramar an rubuta ita ce mafi ƙarancin abin da za a biya. Sai na ce a raina, ashe adashe ne! Ni da na tashi a gidan uwar adashe, na san tsarin. Wani yakan yi kwasar farko, sannan ya yi ta zubi wata-wata har a zagayo, a tashi babu bashi. Na ɗauka ni ce na yi kwasar farko, ƙaramar lambar nan kuma zubina ce. Duk wata in kai zubi a kan lokaci, ina jin kaina mace mai amana. Har nakan ce wa abokan aikina bari in je in yi zubi in dawo.

Na fi shekara ina haka. Ran nan na ce bari in duba saura nawa a tashi. Abba, sai na ga babbar lambar ta fi yadda na bar ta. Na goge fuskar wayar da mayafi na sake dubawa. Tana nan. Ashe abin da nake zubawa kusan duk ruwa yake tafiya, uwar kuɗin tana zaune tana ƙiba. Ruwan da na rantse ba zan ci ba, ga shi ni nake shayar da wasu.

Adashe yana da ranar tashi, domin mutanen cikinsa sun san juna, kuma ba wanda yake cin wani. Ƙaramar lambar kati ba ta da ranar tashi. In har ka karɓi katin, babbar lambar ita ce taka, ka biya ta duka duk wata. Watan da ka ga ba za ka iya ba, a watan za ka daina ja, kuma a watan za ka buɗe baki.

Ni ban buɗe ba. Ana cikin haka kasuwa ta yi sanyi, ofishinmu ya rage mana albashi, ko zubin ma ya gagara. Wata ɗaya, wata biyu, sai waya ta fara. Akwai wani mai kira da ya saba da ni har na san tarinsa. Kullum in ce masa, "Inshallah zan biya." Rannan ya ce, "Madam, na yarda da inshallah. Amma ranar nawa ga wata?" Na ce masa wannan sanin gaibu ne. Bayan shi aka miƙa ni ga wani kamfanin karɓar bashi, su ba su da wasa. Safe, rana, yamma. Ina jin waya ta yi ƙara sai in zabura, ko da ƙanwarka ce ta danna ta da wasa.

Sai na yi dabara irin ta jimina, na sayi sabon layi na cire tsohon. Kwana tara na yi ina barci mai daɗi. Ranar ta goma suka kira ofis, mai ofis ya ɗauka, a gaban kwastomomi ya miƙo mini yana kallon silin. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Canza layi ba ya canza bashi. Abin da ya jawo mini kawai shi ne, duk saƙon gargaɗin da aka yi ta turowa, har da na kotu, tsohon layin ya tafi, yana cikin wata jaka a ƙasan gado. In masu bin bashi suka kira ka, ka ɗauka. Ka tambayi sunan mai magana da kamfaninsa, ka ce duk abin da yake so ya rubuto maka. Ka faɗi abin da za ka iya, kada ka yi alkawarin da ka san ba za ka cika ba don kawai ya ajiye waya. In ya zage ka ko ya tsorata ka, kada ka rama, ka rubuta rana da lokaci ka ajiye, akwai inda ake kai kukan irin wannan. Kuma ko da wasa kada ka tura kuɗi asusun wani mutum wai shi zai kai maka.

Bayan abin kunyar ofis, sai na tuna yadda ake yi a gida. A Kano in bashi ya yi tsami tsakanin mutum biyu, dattijo ake nema ya shiga tsakani. Na je wurin Alhaji Ɗanlami, wanda duk Bakanon da ya yi rigima a unguwar Deira a shagonsa ake sasantawa. Na roƙe shi ya rufa mini asiri kada babanku ya ji. Bawan Allah ya sa babbar rigarsa mai aiki, ya ɗauki kwalin dabino da kwalbar turare mai tsada, muka tafi banki ban-haƙuri.

Aka ba mu lamba muka zauna. Da aka kira mu, Alhaji ya gyara zama a gaban wata yarinya da ba ta wuce sa'ar jikarsa ba, ya fara da gaisuwa, ya tambayi iyayenta, ya ce ni 'yar gidan mutunci ce, ya san kakana. Yarinyar tana ta murmushi. Da ya gama ta ce, "Baba, sunanka yana cikin asusun?" Ya ce a'a, shi dai uba ne. Ta ce to ba za ta iya yi masa maganar asusun ba. Ya tura mata dabino, ta turo masa abinsa da ladabi. Ta juyo gare ni ta ce maganata ta bar hannunsu, tana sashen shari'a, ta rubuta mini inda zan je a 'yar takarda. Muna fitowa Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, ya ce, "'Yata, na sasanta Buzu da Bayarabe, na sasanta surukai, amma wannan gida babu mai shi a ciki. Wa zan ba haƙuri?" A mota muka cinye rabin dabinon.

Ban raina dattawa ba, ka riƙe su, ranarsu tana da yawa. Amma banki ba ya jin nauyin rawani. Takarda yake ji, da sa hannu, da zuwan mai bashin da kansa. Kuma yarinyar nan ta ba ni hanya a 'yar takardarta, ni ce na ji kalmar shari'a na tsorata na ƙi zuwa.

Ba a daɗe ba wani mai babur ya kawo mini ambulan a ofis, na sa hannu na karɓa. Na leƙa na ga tambarin kotu da rubutun Larabci. Ka san manyan kulolin nan uku da ke saman kwaba, waɗanda ba a saukewa sai da salla? Na zo gida na taka kujera, na buɗe babbar, na sa takardar na rufe. Wata ta sake zuwa, na ƙara mata. A raina wai abin da ban karanta ba bai same ni ba. Ashe cek ɗin nan na jingina da aka ce ba za a taɓa ba, an kai shi, bai samu kuɗi ba, an wuce da shi kotu. Aka ba ni lokaci in zo in yi magana, ban zo ba. Aka yanke abin da za a yanke ina nan ina soya muku ƙosai.

Takardar kotu ba ta hucewa a cikin kula. Duk ranar da aka kawo maka irinta, a ranar za ka nemi wanda zai karanta maka, ka san kwana nawa aka ba ka, kuma ka je. Alƙali yana sauraron wanda ya zo. Wanda bai zo ba, sai a ji ta bakin ɗaya ɓangaren kawai.

To, ranar tafiyata Kano ta zo. Zan je in yi mako guda in taya Inna shirin Umara. Na auna kaya, na karɓi tikitin shiga, na isa wurin duba fasfo. Jami'in ya duba na'ura, ya dube ni, ya sake duba na'ura. Cikin ladabi ya ce in koma gefe. Wani ya zo ya ce, "Hajiya, akwai ƙara a kanki, ba za ki iya fita ba sai an warware." Ba wanda ya ɗaga mini murya. Aka dawo mini da akwatunana. Na zauna a kan ɗaya ina kallon mutane suna wucewa, ba abin da nake gani sai Inna a kekenta tana jira.

A ƙofar gida na haɗu da Ramatu, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi, wadda take fassara a ofishin wani lauya. Na ce mata jirgi ne ya lalace. Ta dubi akwatunan, ta dube ni, ta ce, "Bon. Maman Abba, jirgin nan da ya lalace, ke kaɗai ya sauke?" Sai hawaye. Ta ja ni ciki ta rufe ƙofa, na kwashe komai na faɗa mata. Ta ce, "Ina takardun?" Na taka kujera na sauko da kula. Da na buɗe, Ramatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Shekara goma ina aikin nan, na ga mai ɓoyewa a mota, na ga mai ɓoyewa a takalmi, yau ga mai ajiye sammaci kada ya huce!" Ni ma ban san sanda na fara dariya ba, ina yi ina sharar hanci.

Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce abin bai kai yadda nake tsoro ba, amma ya fi yadda nake fata. Ta ce gobe za ta kai ni wurin maigidan aikinta, amma da sharaɗi, sai da babanku. Na ce ta rufa mini asiri. Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko ki faɗa masa, ko in faɗa masa da Faransanci."

Babanku ya dawo daga aiki bayan la'asar ya tarar da ni a falo da kula a gabana. Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Wata nawa ina ganin kina ramewa, waya ta yi ƙara ki zabura. Na ɗauka wani ciwo likita ya faɗa miki kike ɓoye mini. Har na fara tambayar kuɗin asibiti a ɓoye. Ashe kuɗi ne." Ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce, "Tunda ba mutuwa za ki yi ba, zubo mini abinci tukuna. In na ƙoshi zan yi faɗan." Ya kuwa yi, bai rage ba. Amma abin da ya fi ƙona masa rai ba kuɗin ba ne, wai Alhaji Ɗanlami ya riga shi ji.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi duk sauran tsada. Da na faɗa masa tun watan farko, da albashinsa ɗaya da nawa sun kashe wutar. Na bar ta shekara biyu saboda kunya.

Lauyan ya ce mu je sashen da yarinyar banki ta rubuta mini tun farko, mu nemi sulhu. Ya ce sau da yawa sun fi son a ba su wani abu a dunƙule yau da su yi ta bin mutum. Sai muka shiga neman abin dunƙulewa. Babanku ya zaunar da ni muka jera sunayen masu saƙo, ya ce in kira su ɗaya-ɗaya yana zaune. Na kira Anti Lami. Ta ce, "Au, ba ki yafe ba? Na ji kin ce Allah ya bar zumunci." Babanku ya karɓi wayar ya gaishe ta da kyau, ya ce zumunci yana nan, amma 'yarta tana hannun kotu. A mako ta turo rabi. Wasu suka biya har da ban-haƙuri, don da gaske ba su san halin da nake ciki ba. Wasu kuwa har yau layinsu yana da matsala. Na kwashe sarƙata da awarwarona na aure na kai kasuwar zinariya. Ina kallo aka ɗora su a sikeli, ban yi kuka ba sai da muka hau bas.

Sau uku muna zuwa ofishin sulhu. Na farko suka faɗi kuɗin da ya sa babanku ya cire hula ya fifita. Muka nuna musu takardar rage albashi da duk rasiɗan zubina, wanda Allah ya taimake ni ban yar ba. Na uku muka daidaita, suka yafe wani kaso na ruwan da tarar. Na zaro kuɗi zan miƙa, Ramatu ta riƙe mini hannu. Ta ce ba sisin da zai fita sai sun rubuta a takarda mai tambarinsu cewa wannan kuɗin shi ne ƙarshen magana. Muka jira kwana huɗu aka rubuto, sannan na biya a asusun bankin, na karɓi rasiɗi.

Na dawo gida ina murna, na kira Inna na ce ta sha kuruminta. Saura kwana goma sha biyu su tashi. Na ɗauka da na biya shi ke nan, ƙofa ta buɗe da kanta. Kwana shida ina ɗinkin hijabi, ban koma ta kan maganar ba. Sai Ramatu ta tambaye ni ko na kai takardar sallama kotu. Na ce wace takardar sallama? Ta ɗora hannu a ka. Ashe sai banki ya ba ka shaidar cewa ba ya bin ka komai, a kai ta kotu, a rufe ƙarar, sannan a ɗage hanin fita, kuma kowanne yana cin kwanakinsa. Na zubar da shida a banza.

Ka riƙe wannan da kyau: biya ba shi ne ƙarshe ba. Ka karɓi takardar sallama, ka tabbatar an rufe ƙara, ka sa a duba maka cewa sunanka ya fita, ka rufe katin da kansa. Takardun kuma ka adana su har tsufanka. Dokokin nan suna canzawa, yadda aka yi mini ba lallai haka za a yi wa wani yau ba, don haka ka tambayi masanin doka, kada ka tambayi 'yan hira a bakin shago.

Su Inna suka tashi, suka yi kwanakinsu a Madina, ni ina zarya tsakanin banki da kotu da fayil a hammata. Kullum in kira ta in ce gobe. Suka ɗauki harami suka shiga Makka, sunana bai fita ba. Jagoran tawagarsu ya kira ni ya ce, "Hajiya, ki yi wa tsohuwar nan magana. Kowa ya yi ɗawafi ya sauke harami, ita ta ƙi. Na kawo mata masu turawa har uku, ta ce mai tura ta tana hanya." Na roƙe ta a waya ta bari a tura ta. Ta ce, "Ke kika ce za ki zo ko ni na ce?" Ta kashe.

Washegari da hantsi lauya ya kira ya ce an ɗage. Babanku ya bar aiki ya kai ni filin jirgi da 'yar jaka ɗaya. Na miƙa fasfo. Jami'in ya duba na'ura, ya buga, ya miƙo mini ko kallona bai yi ba. Ban taɓa jin daɗin a ƙi kallona irin na ranar ba.

Na same ta a harabar masauki, zaune a kekenta, carbi a hannu, ta sa an ajiye ta tana fuskantar ƙofa. Kwana biyu ke nan tana cikin harami. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Me ya tsare ki?" Na yi niyyar in ce aiki ne, sai na tuna inda nake. Na faɗa mata gaskiya tun daga kati har kula. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Kin biya mutane haƙƙinsu?" Na ce na biya. Ta ce, "To tashi ki tura. Kuma ki bi a hankali, kada ki take ƙafar wani a sake kai ki ƙara."

Na tura ta zagaye bakwai. A na uku ta miƙo hannu ta baya ta dafa nawa a kan mariƙin keken, ba ta ɗauke ba har muka gama. Daga wannan tafiyar gwiwoyinta ba su sake barin ta ta hau jirgi ba. Da an ƙara kwana biyu ba a ɗage hanin nan ba, da tawagarsu ta juyo da ita.

Ban ce lallai kada ka karɓi kati ba, kai ba yaro ba ne yanzu, ko da yake in ka bar shi ba abin da ka rasa. Abin da nake roƙonka ɗaya ne. Duk ranar da lissafi ya fi ƙarfinka, ko na dirhami hamsin ne, ka faɗa mana a makon. In kana jin nauyina kamar yadda nake jin naka, ka rubuto, na iya karatu yanzu har ƙasan shafi.

Allah ya tsare ka a hanya da wurin aiki, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum. Allah ya sa albarka a albashinka, kaɗan ɗinsa ya ishe ka, ya raba ka da bashin da ba ka da hanyar biya. Ya sa duk ƙofar da ka nufa a buɗe maka ita, ya dawo mana da kai lafiya duk ranar hutu. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaishe da abokan ɗakinka.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Umma.